Babi na Biyar: Akta Ba Ya Mutuwa

Akwai wasu sunaye da duk wanda ya tashi a Kaduna ta Arewa ya iya faɗinsu tun bai san ma'anarsu ba: Dalet, Kalapanzin, Mogadishu, sunayen barikokin soja. Muna yara muna jefa su cikin zance kamar yadda muke jefa Malali da Badarawa da Unguwar Dosa. A ce wane babansa yana aiki a Dalet, wane ya koma wajen Mogadishu, ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi da wane yare aka raɗa su. Ni dai na ɗauka Gwaranci ne, tunda an ce mana ƙasar ta Gwarawa ce tun kafin Gwamna Lugga ya kwaso sojojinsa daga Zungeru. Sai da na yi hankali, kuma ta hanyar da ban zata ba, wato kallon tsofaffin finafinan yaƙi, na gane cewa Kalapanzin kogi ne a ƙasar Bama, Dalet ma can take.

Kada mai karatu ya ruɗe, Bamar da nake nufi ba ta Borno ba ce. Ƙasar nan ce da yau ake kira Myanmar, can gabas da Indiya, amma tsofaffinmu da Bama suka san ta, da shi kuma za mu tafi. Kogin Kalapanzin yana yankin Arakan, mahaifar Musulmin Rohingya waɗanda muka sha jin labarin korarsu a rediyo. Ta kwarin wannan kogi runduna ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma ta kutsa a ƙarshen 1944. Mogadishu kuwa, birged ta 23 ta Nijeriya ce ta shige ta a watan Fabrairun 1941, aka ƙwace ta daga hannun Italiyawa. In ka miƙe hanyar Zariya za ka tarar da barikin Chindit inda ake horar da kurata, shi ma sunan wata rundunar daji ce ta yaƙin Bama. Kaduna dama bariki ce kafin ta zama gari. Wanda ke kallon fim ɗin Yaƙin Duniya na Biyu yana zaune a Kawo ko Abakwa, ba labarin wasu can yake kallo ba, ko da kuwa masu fim ɗin ba su san da zamansa ba.

Mu namu ƙarnin bai riski majigi da ƙarfinsa ba. Sai dai mu ji iyayenmu suna labarin motar da kan zo ta kafa farin ƙyalle a filin makaranta, a nuna Baban Larai da noman auduga, mai bayani yana riƙe da lasifika yana ƙara gishiri. Majigin nan ma yaƙi ne ya raine shi. A 1939, shekarar da Hitila ya auka wa Folan, Ingila ta kafa sashen shirya finafinai don ƙasashen da take mulka, ta ɗora William Sellers a kai, mutumin da ya daɗe yana nuna finafinan tsabta da kiwon lafiya a Legas. Aikin farko da aka sa su shi ne nuna wa talakawa dalilin yaƙin da kuma ƙarfin Sarkin Ingila. A wannan shekarar ce kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya, ita ma rabin aikinta a lokacin labarin Jamus ne. Abin da mu muka tarar shi ne talabijin baƙi da fari na gidan maƙwabta, wanda tasharsa ta Kaduna ta fara aiki tun 1962, da gidajen silima marasa rufi inda hadari kan tashi kallo kafin a kai ga kashe bos, sannan daga baya kaset ya shigo ya kashe su duka.

A gidan silima akwai doka wadda ba a rubuta ba, amma kowa ya haddace ta. Kowane fim yana da akta, yana da bos, yana da yarinya. Ba ruwanmu da Turancin da ake yi, fuska muke karantawa. Akta ba ya mutuwa. In kuwa tsautsayi ya sa ya mutu, sai ka ga an fito ana zagin mai injin kamar shi ya harbe shi. Finafinan yaƙi na shekarun 1960 sun zauna daram a kan wannan doka. The Guns of Navarone na 1961, inda Gregory Peck da Anthony Quinn suka hau dutse don fasa wasu igwa biyu na Jamus, da Where Eagles Dare na 1968, inda Clint Eastwood ke zubar da Jamusawa kamar ana kakkaɓe mangwaro, duk tatsuniyoyi ne masu daɗi, kuma har gobe in na same su ina kallo. Amma ba zan ɓata tawada a kansu ba. The Great Escape na 1963 ne ya ɗan saɓa, domin abin da ya ginu a kai ya faru: a watan Maris na 1944 fursunonin yaƙi 76 suka sulale ta rami daga wani sansanin Jamus, aka kamo 73, aka harbe 50. Duk da haka abin da muka riƙe a ka shi ne Steve McQueen a kan babur yana tsallake waya.

Fim ɗin da ya buɗe mini ido shi ne Objective, Burma! na 1945. Wani ɗan uwana ne ya aro kaset ɗin wajen ƙarshen shekarun 1980, muka kunna a wani gida a Unguwar Kanawa, dab da tsohuwar makarantar horar da hafsoshi. A gidan akwai wani tsoho, Baba kawai muke ce masa, dogo, mai ɗan ɗingishi, wanda ba ya shiga sabgar yara. Da ya ji an ambaci Bama sai ya jawo buzunsa ya zauna a bakin ƙofa. Labarin ba shi da wuyar bi. Errol Flynn ne kyaftin ɗin wasu sojojin laima na Amurka, an sauke su a bayan Japanawa don su fasa wata tashar na'urar hango jirage. Sun fasa ta ba wata wahala, amma jirgin da zai kwashe su ya kasa sauka, dole suka kama hanya a ƙasa cikin daji, ana bin sawunsu ana tsince su ɗai-ɗai.

Mu muna ta sowa duk lokacin da aka kayar da ɗan Japan. Baba bai ce uffan ba har aka ci rabin kaset. Can sai ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta daɗi ba ce, ya ce, "Samari, wannan dajin ai an share shi." Ya ɗan jima, sannan ya tambaye mu ina masu ɗaukar kaya. Muka ce, "Baba, waɗanne masu kaya?" Ranar ce muka fara jin cewa shi da ƙafarsa ya taka Bama, kuma ba da bindiga ya fara ba, da kaya a ka. Ya ba mu labarin ruwan sama da ba ya ɗaukewa, da matsattsaku da ke shiga takalmi ba ka sani ba sai ka ga jini, da buhunan abinci da ake jefowa daga jirgi, wani lokaci su faɗa hannun abokan gaba kuna kallo. Bai yi maganar jarumta ba ko sau ɗaya. Da aka kira isha'i ya naɗe buzunsa ya fita, bai tsaya ganin ko akta ya tsira ba.

Daga baya da na bi littattafai, sai na tarar da abin da ya faɗa tiryan-tiryan. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda ta haɗa 'yan Nijeriya da Gana ta yau da Saliyo da Gambiya, ta yi yaƙinta a kwarin Kaladan a 1944, wurin da mota ba ta shiga. Ta sama ake ciyar da ita, abin da aka jefo kuwa, harsashi ne ko magani ko sassan igwa, a kan 'yan adam yake tafiya. Shi ya sa ma Turawan suka so sojan Afirka a wannan daji: zai je inda alfadari ya tsaya. Bataliya uku ta Nijeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, su aka haɗa da rundunar Chindit ta Janar Wingate, aka sauke su can cikin ƙasar da Japanawa ke riƙe da ita. A watan Janairun 1945 rundunonin biyu, ta 81 da ta 82, suka haɗu suka ci Myohaung, tsohon birnin sarakunan Arakan. Dubun-dubatar mutane ne, kuma da yawansu Hausa ce harshen barikinsu, ko Bahaushe ne kai ko Batibi ko Bazabarme. Har Sarkin Katsina Usman Nagogo ya je can ya gaishe su.

Ga inda abin dariyar yake. Da aka kai fim ɗin Landan a 1945, jaridun Ingila suka yi ca, suka ce Amurkawa sun sace musu yaƙi, domin yaƙin Bama na sojojin Ingila da Indiya ne, amma an nuna kamar Errol Flynn ne ya ci shi da 'yan tsirarun yaransa. Hayaniyar ta kai ga janye fim ɗin bayan mako guda, bai sake fitowa a can ba sai 1952, shi ma da ɗan bayanin ban haƙuri a farkonsa. Laifi tudu ne. Waɗanda suka ji zafin an share su daga hoto, su ma da suka tashi yin nasu finafinan ba su tuna da mai ɗaukar kaya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Amma kada fushi ya hana ni faɗin gaskiya: a matsayin fim, aiki ne mai kyau. Daraktansa Raoul Walsh ya san yadda ake jan rai. Mai ɗaukar hotonsa, James Wong Howe, ya mai da wani lambu a Kalifoniya ya zama wurin da kake jin ana leƙenka ta kowane ganye, ko da Baba ya ce an share shi. Daren ƙarshe a kan tudu, inda suke kwance cikin ramuka suna jin motsi ba sa ganin kowa, yana cikin mafi kyawun abin da aka ɗauka a zamanin. Abin da ya lalace a cikinsa shi ne wurin da wani ɗan jarida ya tsaya yana kiran a shafe Japanawa daga doron ƙasa baki ɗaya. Watanni kaɗan bayan fitowar fim ɗin aka jefa bam a Hiroshima.

In kana neman baƙin soja a cikin waɗannan finafinai, to nemi Sahara na 1943. Na fi ƙaunarsa a kan duk sauran, kuma ban ɓoye dalili ba. Humphrey Bogart ne sajen wata tankar yaƙi ta Amurka da ta ɓace cikin hamadar Libiya bayan faɗuwar Tobruk. A hanya tana tsintar mutane kamar motar kasuwa: 'yan Ingila, Bafaranshe guda, sai kuma wani samanja ɗan Sudan mai suna Tambul, yana tafe a ƙasa yana kore da fursunansa Ba'italiye. Daga nan fim ɗin ya koma hannun Tambul, ko masu shi sun nufa ko ba su nufa ba. Duk Turawan nan da taswirarsu ba wanda ya san inda ruwa yake sai shi. Shi ya kai su tsohuwar rijiya, shi ya shiga cikinta ya tarar ba abin da ya rage sai ɗigo daga jikin dutse, ya zauna yana tara shi da haƙuri. Duk wanda ya taɓa kwana a bakin rijiya da bazara yana jiran ta tsattsafo, ba sai an fassara masa wannan wuri ba.

A cikin rijiyar nan ne wani sojan Amurka ɗan ƙauye ya tambaye shi batun mata huɗu, irin tambayar da har yau ake yi wa Musulmi. Tambul ya amsa masa cikin raha, sannan ya bayyana cewa shi kansa mace ɗaya gare shi. Ba a mai da shi abin dariya ba, ba a sa shi zare ido ba. Da matuƙin jirgin Jamus da suka kama ya nuna ƙyamar baƙin mutum ya taɓa shi, fim ɗin bayan Tambul ya bi. Ƙarshenta da Bajamushen ya tsere zai tona wa 'yan uwansa asirin cewa rijiyar a bushe take, Tambul ne ya bi shi a guje ya danne fuskarsa cikin rairayi har ya daina motsi, shi kuma aka harbe shi a hanyar komowa. A 1943, a Amurkar da baƙi da fari ba sa cin abinci a teburi ɗaya, nuna wannan ba ƙaramin abu ba ne. Rex Ingram, baƙar fatar Amurka, shi ya fito a Tambul. Sai dai dokar silima ta yi aikinta: samanja ya mutu, akta ya rayu. Wani abin mamaki kuma, daraktan fim ɗin, Zoltan Korda, shi ne ya yi Sanders of the River a 1935, fim ɗin yabon mulkin mallaka a Nijeriya wanda Paul Robeson ya fito a ciki kuma ya dawo yana da-na-sani. Shekara takwas tsakani. Yaƙi ya sa ana bukatar baƙin soja, sai aka tuna yana da mutunci.

Duk lokacin da na ga Tambul sai namu samanjan ya faɗo mini. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a Kaduna a watan Nuwamban 2023, soja ne na gaske kafin ya zama Samanja Mazan Fama a rediyo da talabijin na Kaduna. Ban dariya yake yi, da Hausar barikinsa mai gauraye da Turanci, amma in ka lura, shi kaɗai ne ya daɗe yana nuna mana rayuwar ƙaramin soja daga ciki: fareti, albashi, matar bariki, tsoron hafsa. Abin da Hollywood ba ta ba mu ba, a nan bakin Kogin Kaduna aka ɗan rage mana shi, da kayan aikin da ba su taka kara sun karya ba.

The Bridge on the River Kwai na 1957 ya fi su duka suna, ya kwashe kyautar Oscar bakwai, kuma fiton da fursunoni ke yi suna maci ya shiga kunnen mutanen da ba su taɓa ganin fim ɗin ba. Alec Guinness ya fito a Kanar Nicholson, Baturen da taurin kai da son a ce ya iya suka sa ya gina wa maƙiyansa gada mai ƙwari fiye da yadda su za su iya. Tsofaffin ma'aikatan En'e da suka yi zamani da Di'o sun san irin wannan Bature, mai riƙe ƙa'ida har ta kai shi rami. Wasan ya yi, kuma a nan akta ya mutu, ya mutu a kan abin tayar da nakiyar da ta rusa gadarsa. Amma cutar nan dai tana nan. A ginin layin dogon na gaske fursunonin yaƙi sama da 12,000 suka mutu, leburorin Asiya da aka tilasta wa aikin kuwa sun kai wajen 90,000. Fim ɗin na kashi na farko ne.

Casablanca na 1942 kuwa, a ce fim ne da aka kafa a ƙasar Musulmi ta Afirka, amma da ƙyar za ka ga ɗan Maroko yana magana. A cikin ɗakin ɗaukar fim a Kalifoniya aka yi shi. Na yafe masa, domin ban san wani fim da ya iya nuna mutumin da ya rantse ba ruwansa da kowa, sannan zuciya ta ci amanarsa, kamar wannan ba. Da yawa daga masu ƙananan fitowa a cikinsa 'yan gudun hijira ne na gaske daga Turai, har Conrad Veidt da ya fito a manjon Jamus, Hitila ya guda. Abin da ya kamata ɗan Arewa ya sani shi ne rigimar da ke cikin fim ɗin, tsakanin Faransawan da suka bi Jamus da waɗanda suka bi Janar de Gaulle, a bakin iyakarmu aka yi ta. Nijar da Dahomey suna hannun na farko. Chadi, ƙarƙashin gwamnanta baƙar fata Félix Éboué, ta bi de Gaulle tun watan Agustan 1940. Wannan ne ya buɗe hanyar da ake harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi, su biyo ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, su wuce Hartum har Alƙahira. A watan Janairun 1942 wani jirgin Jamus ya ratso hamada tun daga Libiya ya jefa bam a Fort Lamy. Ga 'yan leƙen asiri, ga fasa-ƙwauri a kan iyakar Katsina da Maraɗi, ga filin jirgin Kano cike da baƙi. Labari ne kwance, ba wanda ya ɗaga shi.

Na bar The Third Man na 1949 zuwa nan da gangan, domin shi ba harbi a fagen fama a cikinsa, amma ya fi duk sauran kama da rayuwarmu. An gama yaƙi, birnin Biyana ya rushe, an raba shi huɗu tsakanin Amurka da Ingila da Faransa da Rasha, kowa yana sayar da abin da ya samu a bayan fage. Wani marubuci ɗan Amurka ya zo wurin amininsa Harry Lime, ya tarar ana binne shi. Ya ƙi yarda da yadda aka ce ya mutu, ya shiga bincike, sai ga abokin nasa a raye yana murmushi a wata ƙofa cikin dare. Graham Greene ne ya rubuta labarin, mutumin da shi kansa ya yi aikin leƙen asiri a Firitawun lokacin yaƙin. Carol Reed ya ɗauke shi da kyamara a karkace, inuwa ta fi mutum tsawo, kiɗan kuwa na wani abu ne guda mai tsirkiya da yawa, yana tafe kamar yana yi maka dariya.

Sana'ar Harry Lime ita ce ta tsaya mini a wuya. Yana satar allurar penisilin daga asibitocin soja, ya tsarma ta da ruwa, ya sayar. Waɗanda aka yi wa ita har da yara masu sanƙarau. Akwai wurin da aka kai marubucin ɗakin da yaran suke kwance, ba a nuna mana su ba, fuskarsa kawai aka nuna yana bin gadaje da kallo. Mu da muka ga sanƙarau na 1996, muka kuma ga yaƙin da Dora Akunyili ta yi da masu jabun magani tun daga 2001, mun san Harry Lime. Yana da fara'a, yana da kyauta, yana gaisawa da kowa, ba mamaki ma shi ne ke sahun gaba. Orson Welles, wanda ya fito a Harry Lime, bai fi 'yan mintoci a fim ɗin ba, amma da ya hau wani ƙaton lilo mai juyawa, ya nuna mutane can ƙasa kamar ɗige-ɗige yana lissafin kuɗin kowane ɗigo, sai ka ji kana neman yarda da shi kafin ka farga. Wannan shi ne bos na gaske, wanda ya fi akta farin jini. Ƙarshen fim ɗin ma ya saɓa wa dokarmu: akta ya tsaya a bakin hanyar maƙabarta yana jiran yarinya, ta taho tun daga nesa, ta wuce shi ko kallo bai ishe ta ba. Da a silimar Kaduna aka nuna wannan, da mai inji ya sha jifa.

Sai da masu abin suka riƙe kyamara da kansu sannan hoto ya juya. Lion of the Desert na Moustapha Akkad, wanda ya fito a 1981, ba sai na gabatar da shi ga mutumin Tudun Wada ko Rigasa ba, kaset ɗinsa ya zaga gidaje har ya gaji. Anthony Quinn ɗin nan na Navarone shi ne Umar Mukhtar, malamin allo da ya yi shekara ashirin yana yaƙar Italiya har suka rataye shi a watan Satumban 1931. Kuɗin Gaddafi ne, kuma yana da nasa wa'azin, amma ko banza Italiya ta hana nuna shi a ƙasarta, alamar ya taɓa inda ke ciwo. Wanda mutanenmu ba su sani ba, kuma ya fi kusa da labarin Baba, shi ne Camp de Thiaroye na 1988, na Ousmane Sembène da Thierno Faty Sow. Sojojin Afirka ne da suka yi wa Faransa yaƙi, wasunsu suka sha zaman fursuna a hannun Jamus, aka komo da su wani sansani kusa da Dakar. Suka nemi haƙƙinsu na kuɗi, a ranar 1 ga Disamban 1944 sojojin Faransa suka buɗe musu wuta. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi suka ce sun ninka haka nesa ba kusa ba. Sembène da kansa ya sa kakin Faransa a wannan yaƙi, shi ya sa barikinsa ke warin bariki. Fim ne mai tafiyar hawainiya, yana da tsawo, wasu 'yan wasan ba su goge ba. A daure a kai ƙarshensa.

Namu na Bama har yau yawancinsa yana cikin takarda. Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, wanda mahaifinsa ya yi yaƙin, ya rubuta Burma Boy a 2007, labarin wani yaro Ali Banana da ya ƙara wa kansa shekaru ya shiga soja ya tsinci kansa cikin Chindit. Bandele darakta ne kuma, amma ya rasu a 2022. Barnaby Phillips ya yi wa tashar Aljazeera fim ɗin gaskiya a 2011 a kan Isaac Fadoyebo, wanda aka harbe a kwarin Kaladan, wasu Musulmin ƙauye suka ɓoye shi wata da watanni suna ciyar da shi. Masu shirya finafinan Hausa kuwa, da suke da 'yan wasa da masu kallo har Sudan da Gana, ga bariki a ƙofar gida, ga harshen da aka yi yaƙin da shi a bakinsu, ba su waiwayi wajen ba. Za a ce kuɗi. To, rabin Sahara a bakin rijiya guda aka yi shi.

Yawancin finafinan nan yanzu suna intanet, wasu kuma masu tura fim a waya na kewayen Kasuwar Gumi za su nemo maka in ka rubuta musu sunan. Shawarata kada a kalli baƙi da fari a waya da rana tsaka, a bari sai dare, a kashe fitila, domin da inuwa aka gina su. Yara za su yi ƙorafin ba kala, a ba su minti ashirin, za su yi shiru da kansu.

Baba ya rasu ban tambaye shi ko bataliyarsa ta nawa ba ce, kuma wannan sakacina ne. Bayan rasuwarsa aka ga lambarsa a ƙasan akwati, tauraro mai tsini shida na tagulla, irin wanda aka bai wa duk wanda ya yi yaƙin Bama. Mai karatu, in akwai irin wannan akwati a gidanku, da lamba ko littafin sallama ko hoto mai kaki, kada a bar wa gara. A ɗauki hotonsu, a tambayi tsofaffin matan gidan abin da suka ji daga bakin mai su tun suna da rai, a rubuta, a kai kwafi Gidan Arewa da ke titin Rabah.